Tsohon bango ya sha ruwa: a yi siminti, a koma zibala da jir, ko a sake masa gindi?

Da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba, masu tsofaffin gidaje a Sudan, daga Wad Madani zuwa Sinnar da Mai Wurno, kuka ɗaya suke yi: gindin bango ya yi baƙi, yaɓe yana zuba, tabarma da katifa suna warin funfuna. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 abin ya ƙaru, domin gidaje da yawa sun yi damina a kulle, ba mai share indararo, ba mai buɗe rariya. Wanda ya bar Madani a Disambar 2023 ya dawo bayan Janairun 2025 ya tarar da aikin da damina guda ta yi masa a bayan idonsa, ga kuma aljihu ba nauyi.

Shawara uku mai gida yakan ji. Usta, wato magini, mai aikin siminti zai ce, "Alhaji, a kankare shi a yi masa filasta, a ɗaure shi da tayil ɗin siramik zuwa ƙugu, ka huta." Tsohon magini zai ce a mayar masa da zibalarsa, wato yaɓen ƙasa da kashin dabbobi, kamar yadda aka saba, a bi da jir, wato farar ƙasar da ake samu daga ƙonannen dutse. Wani kuma zai duba ya girgiza kai, ya ce gindin ya mutu, sai an cire shi an sa jan bulo. Kowannensu yana da inda yake da gaskiya. Ni dai ra'ayina shi ne, a bangon jalus, wato na zallar laka, ko bangon da aka ɗora da kwaɓin ƙasa, shawarar farko ita ta fi daɗin ji, ita kuma ta fi kashe gida. Amma kafin a kai ga zaɓi, sai an san ta inda ruwan yake shigowa, don ba ɗaya daga cikin ukun nan da zai yi aiki ruwa yana ci gaba da zuwa.

Ta ina ruwan yake zuwa?

Tsaya a tsakiyar ɗaki da safe ka dubi siffar tabon. Idan daga sama ya faro, yana saukowa kamar harshe, matsalar rufi ce ko rawanin bango da ya tsage, ko indararon da ya toshe. Mutane suna raina ruwan rufi. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ɗaki mai mita 4 sau 4, idan aka yi ruwan milimita 30 a dare ɗaya, ya tara lita 480, fiye da ganga biyu ke nan, kuma duk ta bakin indararo ɗaya za su bi. Idan indararon gajere ne, a gindin bango suke sauka, su tona rami, su yi ta fantsama a jikinsa. Tabon da ke ƙarƙashin indararo ba ya bukatar wani dogon bincike.

Idan tabon zagaye ne a wuri guda, kuma ba ya bushewa ko a tsakiyar bazara, to ruwan gida ne. Ka zagaya bayan bangon. Sau da yawa wurin wanka za ka tarar, ko randunan da ke tsatsafowa dare da rana, ko bututun da ya fashe a cikin ƙasa, ko na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa tana ɗiga a jikin taga. Wani lokacin ma ba naka ba ne, makewayin maƙwabci ne da ya jingina da bangonka, kuma wannan magana ce ta sallama da shayi, ba ta usta ba. Mai tanki a sama ya rufe duk famfunan gida da daddare ya yi wa ruwan alama. In ya ragu da safe, akwai inda yake zurarewa.

Na uku shi ya fi wahala: ruwan da ke hawowa daga ƙasa. Alamarsa layi ne a kwance da ya bi bango daga wannan kusurwa zuwa waccan, yawanci bai wuce mita 1 da ɗan wani abu ba, kuma a bakin layin akwai farin gari. Ka lakato ka ɗanɗana, gishiri ne. In ka ga awaki sun matsa wa gindin wani bango da lasa, sun riga ka gano shi. Ƙasarmu ta Jazira da Sinnar baƙar laka ce mai riƙe ruwa, tana kumbura da damina ta tsattsage da rani. Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 magudanan noman rani suke ratsa ƙauyuka, gidan da ke kusa da su ƙasarsa ba ta bushewa sosai. A birane kuma ramukan sayfon, inda ruwan makewayi ke taruwa, da tsofaffin bututun ruwa ne suke shayar da ƙasa, har wasu tsofaffin unguwannin Umdurman suka yi shekaru suna kukan ruwa na tsatsafo musu daga ƙasa.

Sai dai akwai wani sanadi da mu muke jawowa da hannunmu. Duk damina ana kawo ƙasa a zuba a ƙofar gida da jikin katanga don tare ruwan titi, ba a taɓa kwashewa ba. Shekara talatin ana haka, sai titi ya fi daɓen ɗaki tudu. Idan shiga ɗakinka sai ka sauka taki guda, to bangonka a binne yake cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma abin da kake kira ruwan ƙasa, ƙasar da ka tara ce take shayar da shi.

Gumin ɗaki, wanda iska mai laima ke sauka a kan bango mai sanyi, ba kasafai yake damunmu mu da ke nesa da teku ba, sai dai 'yan'uwanmu na Bur Sudan da ke bakin teku. Mai shakka ya manna leda tafin hannu biyu a bangon, ya liƙe gefunanta, ya bari kwana biyu. Raɓa a fuskar da ke kallon ɗaki, iska ce, a buɗe tagogi. Raɓa a tsakanin leda da bango, ruwan daga cikin bangon yake.

Abu ɗaya ne ya kamata a riƙe kafin a auna hanyoyin nan uku. Ruwan da ya hawo yana ɗauke da gishirin ƙasa. Inda ya sami iska ya bushe, nan yake barin gishirin, gishirin ya daskare a cikin ƙananan kofofin bango ya yi ta tura su har ƙasar ta zama gari. Saboda haka duk yaɓen da za ka yi, tambayar ita ce a ina zai sa gishirin ya tsaya: a jikin yaɓen da za a iya kankarewa, ko a cikin naman bangon da ke ɗauke da azara?

Siminti da siramik

Ba zan zalunci siminti ba. Yana da sauri, kowane usta ya iya shi, fantsamar ruwa ba ta yi masa komai, kuma a bangon bulon siminti, ko jan bulon da aka ɗora da kwaɓin siminti a kan tushe mai kyau, shi ne daidai. Idan bangonka irin wannan ne kuma ruwan daga bututu ko rufi ya zo, ka gyara sanadin, ka bari ya bushe, ka yi filastarka ba fargaba.

A jikin jalus labarin daban ne. Siminti da ƙasa ba sa kama juna, kuma ba sa motsi tare: ƙasa tana kumbura tana komawa, siminti yana tsaye ƙyam. Damina ɗaya ko biyu sai siririn tsagu su bayyana, ruwa ya shiga ta nan, fita kuwa babu hanya. Wanda ke hawowa daga ƙasa shi ma ya tarar an rufe masa fuska, sai ya ƙara hawa yana neman iska. Shi ya sa za ka ga gidan da aka yi wa siramik zuwa ƙugu, bayan ɗan lokaci fenti ya fara kumbura daidai saman layin siramik ɗin. Mai gida sai ya ce a ƙara layi biyu. Kamar a ɗaure gyambo da leda ne, ido ya huta amma ciwon yana ci.

Ɗauki makulli ka ƙwanƙwasa irin wannan filastar daga sama zuwa ƙasa. Inda ta kama, sautin a toshe yake. Inda ta rabu da bango za ka ji ta tana amsawa, fanko. Fasa tafin hannu guda a wurin. Abin da yakan zubo ƙasa ce mai sanyi, laushi kamar gari, da ɗigon fari a cikinta, wani lokaci da hanyoyin gara, kuma yatsa yana shiga ba tare da ka matsa ba. Ragar waya da ƙusoshin da ake kafawa don filastar ta kama suna jinkirta faɗuwarta ne kawai, a cikin laima mai gishiri tsatsa take cinye su.

Abin da ya sa nake tsananta wa wannan hanya shi ne tana ɓoye haɗari. Ƙasa in ta jiƙe ƙarfinta tafiya yake yi, kuma a gindi nauyin duk ginin yake. Ambaliyar Satumbar 2020 ta rusa ko ta lalata gidaje sama da 100,000 a Sudan, gidajen ƙasa ne suka fi jin jiki. Bangon da yaɓensa ke zuba yana gaya maka halin da yake ciki. Wanda aka lulluɓe da siramik ba ya cewa komai sai daren da zai zauna.

A kula da gidajen gishra, waɗanda fuskarsu jan bulo ce amma cikinsu da kwaɓinsu ƙasa. Ido yana ganin bulo sai a ɗauka na siminti ne. Sa ƙusa ka karci tsakanin bulo biyu. In ƙasa ta zubo, hukuncin bangon ƙasa ne ya hau kansa.

Zibala da jir

Yaɓen ƙasa da zibala jinsin bangon ne, tare suke kumbura tare suke bushewa. Ruwa yana ratsa shi ya fita, gishirin ya taru a jikinsa, shi ya lalace a madadin bango. In ya ruɓe a kankare a sake, bangon yana nan. Wannan zubar da mutane ke ƙorafi a kanta ita ce aikinsa. Kuɗinsa kaɗan ne, ƙasa da kashin dabbobi da ɗan ƙaiƙayi, a kwaɓa a bari ya ruɓa kwanaki kafin a shafa, amma yana cin ƙarfi kuma ba a gamawa da shi: duk shekara ko shekara biyu sai an koma kafin ruwan Yuli. A Kartum, inda ruwan shekara bai cika kai milimita 200 ba, yana daɗewa. A Gadarif, inda yake kaiwa wajen 600, fuskar da iska ke jifa da ruwa ba ta ɗaga ƙafa. Wanda ba ya zaune a gidan, ko ba shi da mai duba masa, ya san wannan tun yanzu.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a fili: kunya. Yara sun dawo daga Saudiyya ko Masar, suna son gidan mahaifinsu ya yi kama da na mutane, zibala kuwa a idonsu alamar rashi ce. Na fahimci wannan, kuma ba abin dariya ba ne mutum ya so a ga gidan iyayensa da kyau. Amsar da nake da ita ita ce jir.

Jir yana tsakiya. Ya fi ƙasa jure ruwan sama, yana barin bango ya yi numfashi, fuskarsa fara tas, kuma funfuna ba ta son zama a kansa. Ƙa'idarsa kashi 1 na jir, kashi 3 na yashi mai tsabta. Ɗanyen jir mai kyau in ka zuba shi a ruwa zai yi zafi ya tafasa, wanda ya kwanta shiru ya riga ya sha iska, ƙarfinsa ya tafi. A jiƙa shi a ganga makonni kafin aiki, in ya daɗe ya fi. A yi hattara da ido da hannu, yana ƙuna, a kuma nisanta yara da gangar. Ana yayyafa wa bango ruwa, a shafa shi siriri hawa biyu ko uku, a kare shi daga rana da buhu ana ɗan jiƙawa, domin a hankali yake ƙarfi ta hanyar shan iska. Wanda rana ta busar da shi a yini guda gari zai koma. A jikin jan bulo yana kamawa da kyau. A jikin jalus sai an karce bangon, ko a dasa ɓaraguzan bulo a cikin ɗanyen yaɓen ƙasa don ya sami abin riƙewa.

Wahalarsa biyu ce: samun jir mai rai, da samun ustan da ke da haƙurinsa. Da yawa za su ce, "Bari mu ɗan sa siminti kaɗan ya yi saurin kamawa." Kada ka yarda a gindin bango mai laima, abin da ka guda ne ya dawo ta taga. Haka jibs, farin garin da ake yi wa silin ado da shi, ruwa yana narkar da shi, haka fentin mai, shi ma toshewa yake yi.

Sake gindi

Hanyoyi biyun can yaɓe ne, ba su tare ruwa, sarrafa shi suke yi. Wannan ta uku ce kaɗai take yanke masa hanya. Ana cire ruɓaɓɓen gindin, a gina jan bulo har ya ɗara ƙasar waje da kamar santimita 30 zuwa 45, a shimfiɗa kwalta ko leda mai kauri a faɗin bangon gaba ɗaya, sannan a cusa busasshen kwaɓi a tsakanin sabon gini da tsohon har ba sauran rata. Shimfiɗar nan dole ta kasance aƙalla santimita 15 sama da ƙasa, in ba haka ba fantsamar ruwa za ta tsallake ta.

Aiki ne mai haɗari, kuma a nan ne araha ba ta ado. Ba a buɗe fiye da mita 1 a lokaci guda. A yi nan, a tsallake, a yi can, sai na farko ya kama a dawo wa tsakani. A tokare azara tukuna, a fitar da mutane daga ɗakin, a yi shi da rani, kusurwoyi kuma su fi samun kulawa. Magini da ya ce zai buɗe bango guda a yini ɗaya, ka sallame shi da mutunci.

Yaushe ya cancanci kuɗinsa? In ka kankare ka tarar zaizayar ta ci kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin bangon, ko gidan yana kusa da magudanar da ba ta ƙafewa, inda ruwan ƙasa ba zai taɓa barinka ba. In zaizayar ba ta wuce 'yan yatsu ba, ciko da tubalin ƙasa da yaɓe ya isa. In kuwa bangon ya karkata, ko ya yi tsaga mai gicciye da hannu ke shiga, wannan ya wuce maganar laima, lakar ce ta motsa da tushen, sai a rushe wannan ɓangaren a sake. A tuna kuma gishirin da ya riga ya hau sama da shimfiɗar yana nan, yana janyo laimar iska, saboda haka ko bayan wannan aikin yaɓen ƙasa ko jir za a yi.

Wasu suna kawo labarin maganin da ake ɗurawa a ramukan da aka huda a jere a gindin bango. Yana aiki a bulo mai layin kwaɓi madaidaici. A jalus mai kauri, mai kogo da tsagu, ba wanda zai tabbatar maka ya game ko'ina, ni ba zan sa kuɗina a nan ba.

Duk wadda ka zaɓa, aikin farko na shebur ne, kuma shi ya fi kowanne araha. A kwashe ƙasar da ta taru har ta koma ƙasa da daɓen ɗaki, a karkata ta ta riƙa gudu daga bango, a ƙara wa indararo tsawo a sa dutse ko bulo inda yake zuba, a ɗauke randuna da wurin wanke-wanke daga jikin ɗaki, a buɗe rariya. Magudana a haƙa ta nesa da bango da mita 1 ko fiye, domin rami a jikin tushe a baƙar laka gayyatar tsaga ne. Wanda gidansa ke unguwar da aka yi faɗa, don Allah ya duba kafin ya sa diga, in ya ga ƙarfen da bai gane ba kada ya taɓa, ya sanar da hukuma. Kuma kada a malale tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, laimar da ta rasa mafita a tsakiya bango take nufa. Jan bulo a kan yashi ya fi. Gidaje da yawa daga wannan aikin kaɗai suke warkewa, shi ya sa nake cewa a yi shi, a jira, kafin a sayi buhu ko ɗaya.

Jiran ma yana da lokacinsa. A kankare ruɓaɓɓen yaɓe a Oktoba, har a wuce layin tabon da kamu biyu, a bar bangon tsirara iskar hunturu da zafin bazara su yi aikinsu. Maginan ƙasashen sanyi suna lissafin wata guda ga kowane inci na kauri. Zafinmu ya fi nasu sauri, amma bangon santimita 40 watanni yake so, ba makonni ba. Farin garin da zai riƙa fitowa a share shi da busasshiyar tsintsiya, kada a wanke da ruwa, komawa ciki zai yi. Abin da aka kankare a fitar da shi daga gidan gaba ɗaya, kada a sake kwaɓa shi, gishirin yana cikinsa. Sabon yaɓe a Mayu ko farkon Yuni.

Wanda damina ta riske shi bai yi ko ɗaya ba, ya janye gadaje daga jikin bangon, musamman na yara da tsofaffi da masu asma, ya kashe duk soket ɗin da ke cikin tabon. In ƙofa ta fara cijewa ba dalili, ko ƙasa tana zubowa daga inda azara ta zauna, ko tsaga ta ƙara buɗewa tsakanin dare da safiya, a kwana a wani ɗakin ko a rumfa har a sami magini ya duba.